Idan Ciwo Ya Kama Ka a Tsakiyar Teku: Jagorar Inshora ga Fasinjan Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Jirgin ruwan nan Icon of the Seas, wanda kamfanin Royal Caribbean ya fara jigila da shi a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da dubu biyu. A cikinsa akwai gidajen abinci da kantuna da wuraren ninƙaya da dandalin wasanni. Abin da babu a cikinsa, kuma babu a kowane jirgi irinsa, shi ne cikakken asibiti. Ɗan ƙaramin ɗakin shan magani ne kawai a can benen ƙasa, da likitoci biyu ko uku idan jirgin babba ne, da 'yan ma'aikatan jinya, da gadaje ƙalilan. Suna ɗinke rauni, suna ƙarin ruwa, suna ɗaukar hoton ƙashi, suna iya riƙe mutum da na'urar numfashi na ɗan lokaci. Amma ba sa babbar tiyata, akasarinsu ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ba su kuma da ma'ajiyar jini irin ta asibiti.

Aikin likitan jirgi shi ne ya riƙe ka har a kai gaɓa. Da zarar ya ga ciwonka ya fi ƙarfin ɗakinsa, zai sa a sauke ka a tasha mafi kusa, kuma sharuɗɗan tikitin da ka amince da su ranar da ka biya kuɗi sun ba shi wannan iko shi da kyaftin, ko kana so ko ba ka so. A sauke ka da akwatinka, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa. Kai kuwa ga ka a ƙasar da ba ka yi niyyar kwana ba, ba ka jin harshenta, wataƙila ko bizarta ba ka da ita. Saboda wannan ranar ake sayen inshora, ba saboda ɓatan akwati ba.

Ko daga Dubai za ka shiga jirgin, ko Jidda, ko Durban, ko Barcelona, ko kuwa kana cikin 'yan'uwa mazauna Ingila da Amurka masu tashi daga Southampton ko Miami, ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na 1: Ka san ƙofofin da kuɗi ke fita

Ƙofa ta farko ɗakin likitan jirgin ne. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci, amma bai haɗa da ganin likita ba. Kowane gwaji, kowace allura, kowace ledar ruwa da farashinta, kuma farashin asibiti mai zaman kansa ne. Idan ka kira likita ɗakinka ko ka je bayan lokacin aiki, kuɗin ya ƙaru. Ba kasafai ɗakin ke mu'amala da kamfanin inshora ba: ana ɗora kuɗin a kan asusunka na cikin jirgi, a cire daga katin bankin da ka bayar ranar shiga, kai kuma daga baya ka bi inshora ta maida maka.

Ta biyu fitar da kai daga jirgin. Idan tasha na kusa, jirgin zai ƙara gudu ko ya karkata, motar asibiti ta jira ka a bakin ruwa. Jirgi mai saukar ungulu kuwa ba ya zuwa sai an yi kusa da gaɓa, yanayi kuma ya ba da hali. Dakarun tsaron gaɓar teku na Amurka ba sa karɓar kuɗin ceto, amma aikinsu ya ƙare da sun ajiye ka a hannun asibiti. A tsakiyar tekun Atalantika kuwa, inda ake kwanaki ba a ga ƙasa ba, babu mai iso ka.

Ta uku asibitin da aka kai ka. A garuruwan masu yawon buɗe ido, na kuɗi ake kai baƙo, kuma da yawa ba sa fara aikin kirki sai sun ga kuɗin kafin alƙalami ko takardar lamuni daga kamfanin inshora.

Ta huɗu, wadda ke karya mutane, ita ce komawa gida. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko karaya a ƙugu ba zai zauna a kujerar jirgin sama kamar kowa ba. Ko dai a cire kujeru da dama a kafa masa gado, a haɗa shi da ma'aikacin jinya, ko a ɗauko jirgin ɗaukar marasa lafiya na musamman. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta irin wannan jigila daga kimanin dala 25,000 a cikin Arewacin Amurka zuwa dala 250,000 ko fiye a wurare masu nisa. Ka buga wannan da farashin dala na yau, ka ga ko akwai gidan da za a sayar ya biya.

Mataki na 2: Ka ɗora taswirar tafiyarka a kan taswirar inshorar

A nan ne masu tashi daga Najeriya da Nijar suka fi faɗawa rami. Ba a ba da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, mai aiki a duk ƙasashen Shengen, wadda ta haɗa da maida mutum gida. Ejan ɗin da ke haɗa maka takardu zai sayo mafi araha, ya maƙala a fayil, biza ta fito, kai kuma ka ɗauka ka gama. To wannan takarda an yi ta ne don ta gamsar da ofishin jakadanci. Araha ba ta ado.

Ɗauko jadawalin jirgin ka karanta tasha-tasha. Jirgin da ya tashi daga Barcelona ya bi Marseille da Genoa yana cikin Shengen, amma da yawa daga masu zagaya Bahar Rum suna tsayawa a Tunisiya, ko Kotor a Montenegro, ko Istanbul da Kusadasi a Turkiyya, ko Iskandariyya a Masar. Babu ɗaya daga cikinsu da ke Shengen. Sannan ga kwanakin da jirgi ke kan ruwan da ba na kowa ba. Idan takardarka ta ce ƙasashen Shengen kawai, sai ka tambaya a rubuce: ɗakin likitan jirgi yana ciki? Tunisiya fa?

Haka masu zuwa tsibiran Karibiyan. Kamfanoni da yawa suna raba duniya gida biyu: duniya baki ɗaya, da duniya ban da Amurka da Kanada da Karibiyan. Ta biyun ta fi araha, don jinya a can ta fi ko'ina tsada. Idan daga Miami jirginka zai tashi, ta farkon kake bukata, ko da awa uku kawai za ka yi a ƙasar Amurka. Kada kuma ka tsaya kan tasoshin da aka rubuta kaɗai: idan aka juya jirgi saboda kai, ƙasa mafi kusa za a nufa, ko tana cikin jadawali ko ba ta ciki.

Mazauna waje su ma kada su saki jiki. Katin lafiya na GHIC da Birtaniya ke ba mazaunanta yana aiki ne a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar Turai. Ba ya biyan likitan jirgi, ba ya maida mutum gida. Tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ba ya biyan jinyar da aka yi a jirgin da ya yi nisan fiye da awa 6 daga tashar Amurka. Inshorar lafiya ta wurin aiki a gida Najeriya kuwa akasari ba a tsara ta don jinyar ƙasar waje ba.

Kwanakin inshorar su fara daga ranar da ka bar gida zuwa ranar da ka dawo, ba daga ranar shiga jirgin ruwa ba. Ni ina ganin a ƙara kwana biyu a ƙarshe, don jirgin sama kan saɓa.

Mataki na 3: Ka karanta takardar sharuɗɗa, ba ta talla ba

Ka nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗan kafin ka biya. Idan dillali ya ce sai bayan ka biya zai turo, ka nemi wani dillalin. Abu na farko da za ka nema a ciki shi ne ko ta ambaci tafiyar jirgin ruwan shaƙatawa. Wasu kamfanoni, musamman na Ingila, ba sa ɗaukar nauyinta sai an saya mata ƙari na daban.

Sai adadi. A ganina, jinya kada ta gaza dala 100,000, jigilar gaggawa kada ta gaza dala 250,000, kuma idan Amurka na cikin tafiyar a nemi fiye da haka. Ka duba ko an raba biyun ne ko daga tukunya ɗaya ake ɗiba, don yuro 30,000 da aka haɗa jinya da jigila a ciki 'yan kwanaki a sashen kulawa ta musamman za su cinye shi. Ka duba kuma kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu.

Akwai wata jimla da ta cancanci a tsaya a kanta: ina za a kai ka? Yawancin takardu suna cewa asibiti mafi kusa da ya dace, ba asibitin da kake so ba, ba kuma garinku ba. Maida kai gida sai likitocin kamfanin sun ga ya halatta. Ga kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika faɗa wa mutane ba: da zarar likitoci sun ce za ka iya hawa jirgin sama, kamfanin yana da ikon cewa ka koma gida, idan ka ƙi kuma ya janye hannunsa. Ranar da ka sauka Kano ko Abuja ko Yamai, nauyinsa ya sauka. Sauran jinya a wuyanka take. Inshorar tafiya ta gaggawa ce, ba hanyar samun jinyar Turai kyauta ba.

Ka tambayi abin da ya shafi abokin tafiya. Idan aka kwantar da kai, za a biya wa mutum ɗaya otal da tikitin komawa? Idan kai kaɗai ne, za a kawo wani daga gida? Idan da yara, wa zai maida su?

Sai abubuwan da aka cire. Raunin da aka samu cikin maye ba a biya. Tuƙa babur ɗin haya ba lasisi ko ba hular kwano, da babur ɗin kan ruwa, da nutso mai zurfi, da motar yashi ta saharar Dubai, duk sukan faɗa cikin wasanni masu haɗari, sai an saya musu ƙari. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da ake tallata wa fasinja a kowace tasha.

Sauran ƙananan alfanu, kamar 'yan kuɗin da ake ba wanda likita ya tsare a ɗaki, ko diyyar tashar da aka tsallake, ko kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba idan ya tafi ya bar ka, suna da daɗi amma kada su ɗauke maka hankali. Na killacewa dai ka duba shi da kyau. A Fabrairun 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Tun daga nan kamfanoni suka riƙa fayyace matsayinsu kan annoba, kuma ba duka suka ce e ba.

Mataki na 4: Ka faɗi ciwonka gaba ɗaya

Hawan jini, ciwon suga, asma, ulsa, sikila, ciwon ƙoda, tsohuwar tiyata, har da gwajin da aka yi maka sakamako bai fito ba. Duk ka faɗa. Mu kan raina ciwon da muka saba da shi. Dattijo zai ce lafiyarsa ƙalau alhali shekara goma yana shan maganin hawan jini, don a wurinsa ciwo shi ne wanda ya kwantar da mutum. A wurin kamfanin inshora kuwa, duk abin da kake shan magani a kansa ciwo ne. Ranar da bugun zuciya ya same ka, likitan asibiti zai tambayi magungunan da kake sha, matarka ko ɗanka ya faɗa, a rubuta a fayil, fayil ya je hannun kamfani. Sai su ce ka ɓoye, su ƙi biyan ko sisi, a daidai lokacin da kake kwance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Idan ka faɗa, ɗayan uku ne: su ƙara maka kuɗi su ɗauki nauyin ciwon, ko su karɓe ka amma su cire wannan ciwon, ko su ƙi ka. Ta biyun ce ke da tarko. Mai ciwon suga da aka cire masa suga, idan ƙoda ko zuciya ta tashi, za a iya cewa daga sugan ne. Gara a biya ƙarin. Takardu masu araha da yawa suna cire duk wani tsohon ciwo kai tsaye ba tare da sun tambaye ka komai ba, don haka rashin tambaya ba alamar an yarda ba ne. Idan iyaye za ka kai, ka duba iyakar shekaru, don wasu kamfanoni suna tsayawa ko su rage adadi idan mutum ya tsufa.

Idan lafiyarka ta canza tsakanin ranar saye da ranar tafiya, ko da canjin magani ne, ka sanar da su.

Mataki na 5: Yaushe, kuma a wurin wa?

Ka saya a makon da ka biya kuɗin farko na tikiti. Tikitin jirgin ruwa ana biyansa watanni kafin tafiya, kuma yayin da rana ke matsowa abin da za a maida maka idan ka fasa yana raguwa har ya zama babu. Inshora ba ta biyan abin da ya riga ya faru kafin a saye ta. A kasuwar Amurka ma, kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar nauyin tsohon ciwo sai an saya cikin kwana 14 zuwa 21 da biyan kuɗin farko.

Ka saya a ƙasar da kake zaune. Ɗan'uwanka da ke Landan ba zai saya maka ta can ba alhali kana Kaduna, don an yi ta ne ga mazauna can. Kuɗi za su fita, ranar bukata a ce ba ka cancanta ba. A Najeriya ka tabbata kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ka kuma tambayi sunan kamfanin agaji na waje da yake aiki da shi, don su ne za su ɗaga waya ƙarfe ukun dare, ba ofishin Legas ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Tambayoyin da zai yi musu duk waɗannan ne.

Inshorar da kamfanin jirgin ke sayarwa tare da tikiti tana da sauƙin saye, amma adadin jinyarta kan yi ƙasa, wani lokaci kuma idan ka fasa tafiya ba kuɗi za a ba ka ba, damar wata tafiyar ce.

Mataki na 6: Likita, magani, takardu

Ka ga likitanka wata guda ko fiye kafin tafiya. Ya rubuta maka taƙaitaccen bayani da Turanci: ciwonka, magungunanka da sunayensu na asali ba na kamfani ba, adadin da kake sha, da abin da jikinka ba ya karɓa. Mai juna biyu ta sani cewa yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar wadda cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiya. Mai wankin ƙoda ya sani ɗakin likitan jirgi ba ya yi. Mai sikila ya tattauna da likita kan sanyin na'ura da ruwan ninƙaya mai sanyi da ƙarancin ruwa a jiki. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance tare da fasfo. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma ƙasashe da dama suna neman katin daga wanda ya fito daga yankinmu.

Magani ka ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin na mako guda aƙalla, a kwalinsa na asali, a jakar hannu. Ranar shiga jirgi ana karɓar manyan akwatuna, sai bayan sa'o'i su iso ɗaki. Tramadol da kodin da danginsu kuwa a yi hattara: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar suna ɗaure mutane a kansu. Idan likita ne ya ɗora ka a kai, ka nemi izinin ƙasar tun kana gida, ka riƙe takardar likita. Mai allurar insulin ya sanar da kamfanin jirgi tun da wuri, don akwatin sanyi na cikin ɗaki ba kullum yake kai sanyin firji ba.

Ka buga takardar inshora a takarda. Lambar yarjejeniya da lambar kiran gaggawa su kasance a walat ɗinka, da wayar abokin tafiyarka, da hannun wani a gida wanda ke ɗaga waya kuma ya iya magana da Turawa ba tare da ya rikice ba. Ka tanadi kati mai dala ko yuro wanda zai iya ɗaukar babban biya. Katin naira yana da iyakar abin da ake kashewa a waje, kuma bakin teburin asibiti ba wurin gano hakan ba ne.

Mataki na 7: Ranar farko a jirgi

Ka halarci atisayen gaggawa da gaske. Daren da jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, 13 ga Janairun 2012, ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba su riga sun yi atisayen ba. Mutum 32 suka rasu, kuma bayan nan ne aka wajabta yin sa kafin tashi ko da zarar an tashi. Daga nan ka sauka ka ga ɗakin likita da idonka, ka san benensa da lokutan aikinsa. Lambar gaggawa tana jikin wayar ɗakinka.

Cutar da ta fi yawo a jirage ita ce norobairos, mai sa amai da gudawa. Man goge hannu ba ya kashe ta sosai; sabulu da ruwa ne maganin abin, kafin cin abinci da bayan fita daga bayi. Kullum za ka sauka yawo, ka ɗauki hoton takardar shirin ranar, don a jikinta ake rubuta suna da lambar wakilin jirgin a wannan tashar. Shi ne mutuminka idan wani abu ya same ka a gari.

Mataki na 8: Idan ciwo ya zo

Kada ka yi ta-maza. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar harshe, ƙarancin numfashi, ciwon ciki mai tsanani: ka kira nan take, ko ƙarfe nawa ne. Maganin narkar da gudan jini ga mai shanyewar ɓarin jiki yana da wa'adin kimanin awa huɗu da rabi, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, wanda sai a ƙasa. Wanda ya ji alama da rana jirgi na tasha, ya ce bari ya kwanta ya gani, sai ya farka jirgi ya yi nisa cikin teku. Idan kana jin wani abu ba daidai ba, ka ga likita kafin a ɗaga anga.

Zazzaɓi kuma, ka gaya wa likita daga inda ka fito kafin ya tambaya. Maleriya tana iya bayyana mako guda zuwa wata guda bayan cizon sauro, kuma likitan da ke zagaya Bahar Rum mura zai fara tunani. Ka ce masa daga Afirka ta Yamma kake, a gwada maleriya.

Da an fara maganar kwantarwa ko saukewa, abokin tafiya ya kira lambar agajin inshora. Wannan kira shi ne ginshiƙin komai. Yawancin takardu sun shardanta shi, kuma jigilar da ka shirya da kanka ba da izininsu ba, ba za su biya ba. Ya ba su lambar yarjejeniya, sunan jirgi, tasha ta gaba da lokacin isa, da abin da likita ya ce. Ya karɓi lambar fayil, ya rubuta sunan wanda ya yi magana da shi da lokaci, ya nemi su haɗa likitansu da na jirgin. Kiran waya a teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, yana da tsada ƙwarai. Ka nemi ofishin kula da baƙi su taimaka da layi, ko ka sayi intanet ɗin jirgin.

Kafin ka bar ɗakin likita, ka karɓi rahoton jinya da sakamakon gwaje-gwaje da rasit mai bayani dalla-dalla. Idan faɗuwa ka yi a jirgi, ka sa jami'an tsaro su rubuta rahoto, ka ɗauki hoton wurin. Samun waɗannan bayan jirgi ya tafi wahala ce babba.

Mataki na 9: Bayan an sauke ka

Fasfo tukuna. A wasu tafiye-tafiye jirgi ke riƙe fasfunan fasinja, to kada a fita da kai sai naka da na abokin tafiyarka suna hannu. A haɗa kaya, da magunguna, da cajar waya. Wakilin jirgin a tashar shi zai daidaita da jami'an shige da fice idan ba ka da bizar ƙasar, ya kuma taimaka da otal, amma kuɗin a kanka yake.

A asibiti ka ba da lambar fayil, ka nemi kamfanin agaji ya aiko da takardar lamuni kai tsaye. Idan sun dage sai ka ajiye kuɗi, ka kira kamfanin kafin ka biya, ka karɓi rasit. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Kamfanonin agaji suna da tafinta ta waya. Kada ka bar fasfonka jingina. Idan ciwon a gari ya same ka lokacin yawo, 112 ce lambar gaggawa a Tarayyar Turai, 911 a Amurka, sannan ka kira wakilin jirgin don a san inda kake.

Ka riƙa duba wa'adin biza. Dokar Shengen ta yarda a tsawaita ta saboda lalura irin wannan, amma sai an nema kafin ta ƙare, da takardar asibiti. Ofishin jakadancin ƙasarka zai iya taimakawa da takardar tafiya da sanar da dangi; biyan kuɗin asibiti ba aikinsa ba ne. Kada kuma 'yan'uwa su yi gaggawar sayen tikitin dawowa. Sai likita ya ba da shaidar cewa za ka iya hawa jirgin sama, kamfanin jirgin saman ma ya amince, kamfanin agaji ya shirya.

Idan rai ya yi halinsa

Ba a son faɗa, amma tsofaffi da yawa ke irin wannan tafiya, kuma manyan jirage duk suna da ɗakin ajiye gawa. Ana sauke mamaci a tashar da hukumominta suka yarda, su ne kuma ke yanke ko sai an yi binciken gawa. Ɗauko shi gida ta jirgin sama yana ɗaukar kwanaki ko makonni, kuma galibi sai an yi masa allurar hana ruɓewa an rufe shi a akwati na musamman. Musulmi da yawa za su fi son a yi masa sutura a can. To ka duba tun yanzu ko takardarka ta ba da zaɓi tsakanin kawo gawa gida da jana'iza a inda aka rasu, ka kuma gaya wa iyalinka wanda ka zaɓa, don kada gardama ta tashi ta waya tsakanin Napoli da Zariya.

Mataki na 10: Karɓo kuɗinka

Da ka dawo ka buɗe neman biya, kada ka jira sai ka warware sarai, don kowace takarda tana da wa'adinta, wasu ba su wuce wata guda ba. Ka haɗa rahoton likitan jirgi da na asibiti, da rasit na komai har da tasi da otal da kuɗin kiran waya, da bayanan katin banki, da takardar kamfanin jirgi mai nuna ranar da aka sauke ka da kwanakin da ka rasa. Ka aika kwafi, ka riƙe na asali sai an nema. Za su iya neman izinin duba fayil ɗinka a wurin likitanka na gida. Ka ba su.

Idan suka ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce, da sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, ka amsa musu a kan wannan sashen da takardar likita. Idan abin ya ci tura, a Najeriya ana kai ƙorafi NAICOM. A Birtaniya kuwa akwai hukumar Financial Ombudsman Service mai sauraron ƙorafi kan kamfanonin kuɗi, wadda ke karɓar ƙara kyauta bayan kamfani ya ba da amsarsa ta ƙarshe ko ya yi mako 8 bai ba da ita ba, kuma wata 6 gare ka daga ranar wannan amsar ka shigar da ƙorafinka.